'Kwana Casa'in': Wai shin da wa ake a Jihar Alfawa?

TUN daga watan Afrilu na 2019, lokacin da tashar Arewa24 ta fara nuna shirin 'Kwana Casa'in', 'yan kallo su ka samu sabon aiki, wato aikin fassara. Da zarar an gama nuna kashi ɗaya, sai a koma majalisa a baje kolin 'yan wasan, a riƙa liƙa wa kowanne sunan wani ɗan siyasa na zahiri. Wannan gwamnan wane ne? Wancan uban jam'iyyar fa? Ita kuma matar gwamnan da wa ta yi kama? Haka abin ya ke a birnin Kano, haka ya ke a karkara. Amma a kudancin jihar, wato yankin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, musun ya na da wani ɗanɗano na daban, domin mutanen wannan yanki sun taɓa ganin wata babbar badaƙalar siyasa ta tashi daga ƙofar gidan su.

Ga wanda bai san shirin ba, an gina labarin ne a wata jiha ta ƙirƙira mai suna Alfawa. Fitaccen ɗan wasan nan na Jos, Sani Mu'azu, shi ne ya fito a matsayin Gwamna Bawa Maikada, wanda ke neman tazarce ko ta halin ƙaƙa. Marubuci Ado Ahmad Gidan Dabino, mai littafin 'In Da So Da Ƙauna', ya fito a Malam Adamu, mutumin kirki da aka tsayar domin ya kara da shi. A tsakiyar su kuma ga Sahabi, matashin ɗan jarida da ya ɗaura ɗamarar tona asirin gwamnati. Salisu T. Balarabe, daraktan da ya yi suna da 'Daɗin Kowa', shi ne ya ja ragamar aikin.

Shirin ya faɗo a kan gaɓa. Wata shida kafin fitowar sa, a cikin Oktoba 2018, ɗan jarida Jaafar Jaafar na jaridar Daily Nigerian ya saki faya-fayan bidiyon nan da ya ce sun nuna gwamnan Kano na lokacin, Dakta Abdullahi Umar Ganduje, ya na karɓar daloli, zargin da gwamnan ya musanta. Sannan a watan Maris na 2019 aka yi zaɓen gwamnan da hukumar zaɓe ta ce bai kammala ba, sai da aka je zagaye na biyu. Ƙurar wannan ba ta gama lafawa ba sai ga wasan kwaikwayo a talbijin mai ɗauke da gwamna, ɗan jarida, 'yan daba da jakunkunan kuɗi. To, ina ɗan kallo zai ƙi yin lissafi?

Yadda ake kallo a Badafi

A gari irin Badafi da ke Ƙaramar Hukumar Kiru, kallon shiri irin wannan ba na mutum ɗaya ba ne. Inda akwai dish da janareta ko sola, nan ake taruwa, ko a gidan kallo ko a teburin mai shayi. Wanda ya rasa kuma, washegari zai kai memori wajen masu tura finafinai a waya a zuba masa. Daga nan shirin zai bi aljihu zuwa gona, zuwa kasuwa, zuwa tashar Kwanar Ɗangora inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja. Kafin mako ya zagayo an tattauna shi ciki da bai.

Idan mai karatu ya kasa kunne a irin waɗannan wurare, zai ga 'yan kallon sun kasu kashi-kashi. Akwai 'yan jam'iyya, waɗanda kowanne ya rantse cewa Bawa Maikada gwamnan ɗaya ɓangaren ne. Mai jar hula ya ce da wancan ake, na wancan ɓangaren ya ce a'a, a dubi yadda mutumin ke juya yaran sa, ai da naku ake. Babu mai yarda cewa hular ta yi daidai da kan gwanin sa.

Akwai dattawa, waɗanda su ka ga zamanin PRP da rikicin Santsi da Taɓo. Su a wurin su duk abin da ake nunawa maimaici ne, sun ga wanda ya fi shi tun kafin a haifi yawancin 'yan wasan. Akwai mata, waɗanda su ka fi sa ido a kan abin da ke faruwa a cikin gidan gwamnati, musamman rawar da Rahama M.K. ta taka a matsayin matar gwamna. Sai kuma samari, waɗanda Sahabi ne gwarzon su, ko da ya ke a cikin su ma akwai masu cewa ɗan jarida irin sa ba zai yi kwana casa'in a raye ba a Nijeriyar da su ka sani.

Abu ɗaya da duk su ka haɗu a kai shi ne, labarin ba baƙo ba ne. Har ta kai sunan Bawa Maikada ya bi Sani Mu'azu, da yawa ma daga cikin yara ba su san sunan sa na yanka ba.

Fim ɗin da aka yi ba kyamara

Dalilin da ya sa musun ya fi zafi a wannan yanki shi ne abin da ya faru a 2016. A watan Yuli na shekarar, ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin Kofa, ya rasa kujerar sa ta shugaban kwamitin kasafin kuɗi na Majalisar Wakilai. Bai yi shiru ba. Ya fito ya zargi Kakakin Majalisa Yakubu Dogara da wasu shugabanni uku da yunƙurin yin cushe a kasafin kuɗin ƙasa, ciki har da batun ware wa kan su naira biliyan 40 daga kuɗin ayyukan mazaɓu. Ɗaya daga cikin mutum ukun shi ne Alhassan Ado Doguwa, mai wakiltar Tudun Wada da Doguwa, wanda a lokacin shi ne bulaliyar majalisar. Ka ga ke nan mai zargi da ɗaya daga cikin waɗanda ake zargi maƙwabtan juna ne, iyaka ce kawai ta raba mazaɓun su.

Waɗanda aka zarga sun musanta, kuma babu wanda kotu ta kama da laifi a kan maganar. Shi kuwa Jibrin, a watan Satumba na 2016 majalisa ta dakatar da shi na tsawon kwanakin zama 180. Bai koma kujerar sa ba sai a Maris 2018, daga baya kuma wata babbar kotun tarayya ta ce dakatarwar ba ta bisa ƙa'ida. Ma'ana, mutanen Badafi da sauran garuruwan Kiru da Bebeji sun shafe kusan shekara ɗaya da rabi ba su da mai magana da yawun su a zauren majalisa.

Duk marubucin fim da ya dubi wannan labari ya san akwai kaya a ciki: abokai sun zama abokan gaba, takardu na yawo a jaridu, talakawa na jiran rijiyar burtsatse da ajin makaranta. Amma yaron da ke da shekara goma a 2016 yanzu ya isa jefa ƙuri'a, kuma ya fi sanin tarihin Jihar Alfawa a kan abin da ya faru da mazaɓar sa. Nan gizo ke saƙar.

Me ya hana a kama suna?

Masu shirya fim ba mahaukata ba ne. Sun san abin da ya samu na gaba. A ƙarshen 2008, zamanin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, kotun tafi-da-gidan-ka ta ɗaure furodusa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a kan fim ɗin sa 'Tsintsiya', bisa zargin sakin sa ba tare da izinin hukumar ba. Iyan-Tama ya tsaya takarar gwamna a 2007, don haka 'yan fim da dama su ka ɗauki ɗaurin a matsayin bi-ta-da-ƙullin siyasa. A 2019 kuma, ƙarƙashin Isma'il Na'abba Afakallah, an kama darakta Sunusi Oscar 442 da mawaƙi Naziru Ahmad, kuma nan ma magoya bayan su siyasa su ka ɗora wa laifin.

Shi kan sa 'Kwana Casa'in' bai tsira ba. A 2020 hukumar ta ba Arewa24 umarnin dakatar da shi tare da 'Gidan Badamasi', ta na mai cewa wasu fitowa a ciki sun saɓa wa tarbiyya da al'ada. 'Yan kallo da yawa ba su gamsu da wannan dalili ba, su ka ce ai biri ya yi kama da mutum. Shirin dai ya ci gaba da fitowa. To, idan jihar da babu ita a taswira ta jawo wannan, ina ga an ambaci sunan mutum da na garin su? Ga tsoron hukuma, ga tsoron ƙarar ɓata suna, ga 'yan jagaliya, ga kuma uwa-uba rashin mai zuba jari. Dole Alfawa ta zama garkuwa.

Labaran da ke jiran darakta

Abin takaicin shi ne, tarihin Arewa cike ya ke da labaran da su ka fi ƙarfin ƙirƙira. Akwai binciken kuɗin En'e ta Kano da Baturen nan Muffett ya jagoranta, wanda ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya a 1963 da komawar sa Azare. Akwai takardar tuhumar da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero a Yuli 1981, da tarzomar da ta biyo baya inda aka kashe Dakta Bala Muhammad. Akwai tsige Gwamna Balarabe Musa a Kaduna a wannan shekarar. Akwai kuma labarin Umaru Dikko, wanda aka tsinta a sume cikin akwati a filin jirgin saman Stansted na Ingila a Yuli 1984. Kowanne ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya cika zango uku.

'Yan Kudu sun gwada. A 2016 darakta Izu Ojukwu ya fitar da fim ɗin '76', wanda ya jingina da juyin mulkin da aka kashe Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano. Ya ɗauki shekaru ya na aikin, kuma sai da ya nemi haɗin kan rundunar soja, amma dai fim ɗin ya fito.

A Ingila kuwa an ga iyakar abin da 'yan kallo za su iya. A Janairu 2024 tashar ITV ta nuna shiri mai kashi huɗu, 'Mr Bates vs The Post Office', kan ɗaruruwan masu kula da ƙananan gidajen waya da aka gurfanar bisa zargin sata tsakanin 1999 da 2015, alhali manhajar kwamfuta ce ke ba da lissafin ƙarya. An kama sunayen mutane da dama na gaske. Cikin 'yan kwanaki sama da mutum miliyan ɗaya su ka sa hannu a takardar koke, tsohuwar shugabar hukumar ta ce za ta maido da lambar girmamawar da aka ba ta, kuma a watan Mayu majalisar ƙasar ta yi dokar da ta wanke waɗanda aka zalunta. Jaridu sun yi shekaru su na rubuta labarin, amma sai da aka gan shi a allo sannan jama'a su ka harzuƙa.

Ba wanda zai raina abin da 'Kwana Casa'in' ya yi. Ya fitar da fim ɗin Hausa daga falo da lambun furanni ya kai shi ofishin gwamna, ya kuma nuna cewa 'yan kallo na da ƙishirwar labarin da ya shafi rayuwar su. Sai dai muddin Alfawa ce, kowane ɗan siyasa zai iya zama a falon sa ya kalla ya yi dariya, ya ce da maƙwabci ake. Masu kallo a Badafi sun riga sun ƙware a wasan canki-canka. Saura furodusan da zai yi bincike, ya nemi lauya, ya ji ta bakin kowane ɓangare, sannan ya ɗora kyamara a kan abin da ya faru da gaske. Ko a Kannywood akwai mai wannan ƙarfin halin? Ga fili ga mai doki.