Filin da Tumaki Suka Fara Zanawa: Darasi Daga St Andrews

Duk inda ake buga ƙwallon lambu, wato golf, ko a Kano ko a Jos ko a Amurka, cikakken zagaye ramuka 18 ne. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga wata jigawa a bakin teku, a garin St Andrews na ƙasar Sikotilan, wadda babu injiniyan da ya tsara ta da farko.

Jigawar ƙasa ce mai yashi da ba ta nomuwa, shi ya sa aka bar wa kowa da kowa. Makiyaya na kiwo, mata na shanya wanki, maza na wasa. Tumaki ke aske ciyawar. Ana cewa in iska ta taso sai su raɓe a gindin tudu, su yi ta tono har wurin ya zama kwarin yashi, irin wanda ƙwallo ke faɗawa ta maƙale. Yau irin waɗannan kwaruruwa 112 ne a filin. A 1552 aka rubuta takardar da ta tabbatar wa mutanen garin haƙƙinsu na yin wasa a wurin.

A da ramuka 22 ake bugawa: a bi 11 a tafiya, a juyo a sake bin su har gida. A 1764 'yan wasa suka ga huɗun farko sun yi kusa da juna, suka mai da su biyu. Aka koma tara a tafiya, tara a dawowa, kuma daga baya duniya ta kwaikwaya.

Filin ya taɓa suɓucewa. A 1797 bashi ya ci hukumar garin, ta sayar da shi, aka shiga kiwon zomaye a ciki, suna ta haƙe wurin wasa. Aka yi shekaru ana shari'a da ja-in-ja, sai a 1821 James Cheape, mai gonaki a yankin, ya saye filin ya tsare shi domin wasa.

Da jama'a suka ƙaru, masu tafiya da masu dawowa suka riƙa cin karo a rami ɗaya, ga hanya siririya tsakanin ƙayoyi. Aka sare ƙayar, aka faɗaɗa dandalin ciyawar da ke kewaye da rami, aka haƙa ramuka bibbiyu a kai. Har gobe akwai irin wannan dandali guda bakwai. Tom Morris, wanda ya kula da filin kusan shekara 40 tun daga wajajen 1865, ya yi wa ramin farko dandalinsa daban, abin da ya ba da damar juya zagayen ta ɗaya hannun. Wajajen 1900 aka fito da ƙwallo mai roba a ciki wadda ta fi nisan zango, sai aka ƙara kwaruruwan yashi, aka riƙa ja da wurin bugun farko baya. A babbar gasar golf ta Open karo na 150 da aka yi a can a 2022, tsawon filin ya haura yadi 7,300.

Duk da waɗannan sauye-sauye, filin na jama'a ne. Tun 1974 wata hukumar amintattu ke riƙe da shi bisa doka, kuma yawancin ranakun Lahadi ba a wasa, mutanen gari ke shiga shan iska.

Mu ma a ƙasar Rano da Kibiya muna da filayen da kakanni suka bar wa kowa: burtali, makiyaya, filin idi, filin ƙwallon makaranta. Gyara da faɗaɗawa ba sa kashe fili, yanka shi fuloti ne ke kashe shi. Ya kamata dagatai da masu unguwanni da ƙananan hukumomi su auna waɗannan wurare, su kafa musu alamar iyaka, su rubuta su da sunan al'umma tun kafin mai kuɗi ya taya.