Shirin Musamman: Kansila, Kasafi da Kuɗin Jama'a

(TAKEN SHIRI)

MAI GABATARWA: Yau za mu leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma, mu duba wa yake yanke hukunci a kan kuɗin da ake karɓa a kasuwanninmu, da wanda ake turowa daga Abuja da sunanmu. Ku gyara zama.

(KIƊA A TAƘAICE)

MAI GABATARWA: Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Kano kaɗai tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27. Wannan tsari ya samo asali ne daga garambawul na 1976, wanda ya maye gurbin En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna suke jagoranta. Dattawanmu za su tuna cewa En'e tana da baitulmalinta, da 'yan dokarta, da kotunan alƙalai. Da kuɗin baitulmali ne En'e ta Kano ta kawo ruwan famfo daga Challawa a farkon shekarun 1930. Sai dai talaka ya ɗanɗana kuɗarsa wajen biyan haraji da jangali, har mutum yakan bar garinsu don gudun wulaƙanci. Shi ya sa da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka hau mulki a 1979, soke haraji da jangali yana cikin matakansu na farko, kuma jama'a suka yi ta murna.

Daga zamanin garambawul ɗin zuwa yau, ƙaramar hukuma ta koma dogaro da kason da ake rabawa duk wata daga asusun tarayya. A tsarin rabon, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi kuma 20.60. Wato kusan naira ɗaya cikin kowace biyar ta ƙananan hukumomi ce.

To me doka ta ce su yi da ita? Tsarin mulki na 1999 ya lissafa: gina kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, kwashe shara, gyaran hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da fitilun titi, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. Duk abin da yake taɓa rayuwar mutum daga ƙofar gidansa zuwa bakin kasuwa yana cikin wannan jeri.

(KIƊA A TAƘAICE)

MAI GABATARWA: Shekara da shekaru, wannan kuɗi ba ya isa sakatariya kai tsaye. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma ta nan ne gwamnoni suka riƙe wuyan jakar. A jihohi da dama ma ba a yin zaɓe, sai a naɗa kantomomi. Shugaban da aka naɗa kuwa, kunnensa yana wajen wanda ya naɗa shi.

Ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim, wanda ya karanta hukuncin, ya bayyana cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda da shugabancin kantomomi ba, sai zaɓaɓɓu. Nan da nan jihohi suka shiga shirya zaɓe. A Kano an yi shi a watan Oktoban 2024, inda jam'iyya mai mulkin jihar a lokacin ta lashe kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484 baki ɗaya. Haka aka gani a yawancin jihohi, kowace jam'iyya ce take mulki. Shi kansa biyan kuɗin kai tsaye ya yi ta jan ƙafa, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ta sha kokawa a kai.

Amma mu ƙaddara gobe kuɗin ya sauka cif a asusun ƙaramar hukumarku. Wa zai sa masa ido? A nan ne kansila ya shigo. Shugaba shi yake tsara kasafin shekara, majalisar kansiloli ita take tantancewa ta amince ko ta gyara. Ita take yin dokokin da suke ƙayyade kuɗin rumfa, da na tasha, da na mayanka, da na shiga kara da dabba. Idan majalisar ba ta zama, ko tana zama ne kawai don sa hannu a karɓi alawus, to kasafin ya zama na mutum ɗaya, ko da an cire hannun gwamna.

Ku dubi mai sayar da tumatir a kasuwar mako. Da sassafe an yanka masa rasit, kafin azahar wani ya zo da nasa daban, wani kuma ya karɓa ba takarda. Idan damina ta sauka, yana zaune cikin taɓo, ba makewayi, ba rijiya. Mutanenmu ba sa ƙin biya idan suna ganin aiki; 'yan kasuwa da kansu suke haɗa kuɗi su ɗauki masu gadi. Abin da yake ɓata musu rai shi ne biya ba tare da sanin inda kuɗin ya shiga ba.

Haka batun tsaro. 'Yan sanda na gwamnatin tarayya ne, ƙaramar hukuma ba ta da ikon kafa rundunarta. Jihohin Katsina da Zamfara ne suka kafa nasu jami'an tsaron al'umma a 2023 da 2024. Duk da haka, fitilar da take haskaka lungu, da hanyar da motar jami'an tsaro za ta iya bi zuwa ƙauye, da alawus ɗin 'yan sintiri, da zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya a kan burtali kafin shuka, duka layuka ne a cikin kasafi. Idan ba a rubuta su ba, ba za a yi su ba.

(KIƊA A TAƘAICE)

MAI GABATARWA: Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka ga abin da yake hannunmu. Mu san sunan kansilan mazaɓarmu da gidansa. Ofishin akanta janar na ƙasa yana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata. Matasa masu waya su duba, su karanta wa iyayensu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da kwamitocin unguwa, da matan da suke kai yara awo asibitin sha-ka-tafi, su nemi a kira taron jama'a kafin a amince da kasafi, a kuma liƙa shi a bangon sakatariya da Hausa. Kada mu biya ko sisi ba tare da rasit mai tambarin hukuma ba.

Kotu ta yi nata aikin. Tambayar kansila ina aka kwana, wannan kuwa ba alƙalin da zai yi mana.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Da fatan Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Mu kwana lafiya.

(TAKEN SHIRI)