Keken Burji a Tuddan Girona: Abin da Na'urar GPS Ke Faɗa wa Mahayi da Abin da Take Ɓoyewa

Masu bibiyar gasar La Liga sun san Girona da ƙungiyar ƙwallon ƙafarta, wadda ta kammala kakar 2023/24 a matsayi na uku. Sai dai a duniyar masu hawan keke, da wani abu dabam aka san wannan birni na yankin Kataloniya a ƙasar Sifaniya. Girona tana kimanin kilomita 100 arewa maso gabas da Barcelona, kuma tsakaninta da gaɓar tekun Bahar Rum akwai tuddai da dazuzzuka cike da hanyoyin burji. Waɗannan hanyoyi ne suka mayar da yankin matattarar masu keken burji, har aka fara gasar The Traka a can a shekarar 2019, gasar da ɗaya daga cikin zangunanta ya kai kilomita 360.

Akasarin baƙin da ke zuwa hawa ba su san dajin ba. Jagoransu shi ne layin da ke kan fuskar wayarsu ko ƙaramar kwamfutar da suka ɗaure a kan keke. A ƙasa mai hawa da gangara kusa da teku, wanda bai iya karanta wannan layi ba yana iya fita da niyyar tafiyar awa biyu, rana ta faɗi masa a daji, ruwa ya ƙare, batir ya mutu.

Mene ne keken burji?

A ido yana kama da keken tsere, da lanƙwasasshen hannu da siririn jiki. Bambancin yana taya. Keken kwalta kan yi amfani da taya mai faɗin milimita 25 zuwa 30, na burji kuwa kan kai 38 zuwa 45, wani lokaci fiye da haka. Yawancinsu ba su da tib. A madadinsa ana zuba wani ruwa mai danƙo a cikin tayar, wanda ke toshe ƙaramar huda da kansa idan ƙaya ta shiga. Rashin tib na ba da damar rage iska zuwa PSI 30 ko 40, abin da ke sa taya ta riƙe tsakuwa maimakon ta riƙa tsalle a kanta. Birkin faifai da giya mai saukin hawa su ne sauran abubuwan da suka bambanta shi, kuma tun 2019 kamfanin Shimano ke da jerin kayan GRX da ya ƙera musamman domin irin wannan keke.

Hanyoyi iri uku a yanki ɗaya

Ta farko ita ce hanyar Carrilet, daga Girona zuwa garin Sant Feliu de Guíxols da ke bakin teku, tafiyar kusan kilomita 40. Tsohon layin dogo ne da ya yi aiki daga 1892 zuwa 1969, daga baya aka cire ƙarafan aka daɓe shi da yashin dutse. Tun da jirgin ƙasa ba ya hawan tudu mai tsauri, hanyar a kwance take, tana ratsa garuruwa irin su Cassà de la Selva da Llagostera inda ake samun ruwa da abinci. Tana kuma cikin babban zagayen Pirinexus mai kimanin kilomita 350, wanda ke leƙawa har cikin Faransa.

Ta biyu ita ce tuddan Les Gavarres, dajin da ya haura hekta 28,000 tsakanin Girona da teku. Ƙololuwarsa ba ta wuce kimanin mita 530 ba, tsayin da mutum zai iya rainawa. Amma hanyoyin ciki hawa ne da gangara ba hutu, wasu da duwatsu a warwatse, wasu ruwan sama ya zaizaye su, kuma ƙauyuka sun yi ƙaranci.

Ta uku ita ce filin Empordà da ke arewa, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma mai gonakin shinkafa a kewayen garin Pals. Nan babu tudu sosai, amma akwai Tramuntana, iskar arewa da kan wuce gudun kilomita 100 a awa idan ta tashi da ƙarfi.

Manhaja za ta iya nuna kilomita 40 a kowace daga cikin ukun. Lambar ɗaya ce, wahalar kuwa ko kusa.

Lissafin hawa

Mahayi da kekensa da kayansa, a ce nauyinsu kilo 90. Ɗaga wannan nauyi zuwa tsayin mita 1,000 na buƙatar ƙarfin da ya kai kusan kilojul 880. Mutumin da ke iya riƙe wat 150 a feda, wanda shi ne ƙarfin matsakaicin mahayi, zai kashe fiye da awa ɗaya da rabi a kan ɗaga nauyin kaɗai, ban da abin da tsakuwa da iska ke ci. Zagayen kilomita 40 a Les Gavarres na iya tara hawan da ya kai haka. Shi ya sa gogaggu ke fara duba jimillar hawa kafin su duba nisa, sannan su duba tsaurin kowane tudu. Tsaurin kashi 10 cikin 100 na nufin hawan mita 10 a kowace mita 100 ta tafiya. A kwalta ana iya miƙewa tsaye a taka, amma a burji mai santsi da zarar mahayi ya tashi daga sirdi sai tayar baya ta fara zamewa.

Daga ina manhaja ke samun bayaninta?

Manhajoji irin su Komoot da Ride with GPS sun dogara sosai da OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai ke zanawa tun 2004. Duk wanda ya zana hanya yana iya rubuta irin farfajiyarta, ya kuma ba ta daraja daga 1 zuwa 5: ta 1 mai tauri ce kamar kwalta, ta 5 kuwa ƙasa ce mai laushi ko ciyawa. Idan babu wanda ya rubuta komai, manhajar hasashe take yi. Idan kuma an rubuta shekara biyar da suka wuce, ba ta san abin da ruwan bara ya yi wa wurin ba.

Strava tana da taswirar da ke haska inda mutane suka fi bi. Tana taimakawa wajen gane hanyar da ke da rai, amma hasken layi ba ya nuna ko masu keken dutse ne suka bi da kekuna masu shokozoba, ko kuma hanyar ta ratsa gonar wani. Mafi yawan dajin Les Gavarres mallakin ɗaiɗaikun mutane ne. Akwai kuma Wikiloc, wadda Jordi Ramot ya kafa a 2006 kuma cibiyarta tana Girona ɗin kanta. A cikinta mutane ke ɗora hanyoyin da suka bi da hotuna da ranar tafiya, abin da ke ba da damar ganin farfajiyar da ido kafin a fita.

Wani tarko da ya keɓanta da bakin teku shi ne Camí de Ronda, tsohuwar hanyar ƙafa da ke bin gefen duwatsun gaɓa. A taswira tana da ban sha'awa, a zahiri kuwa sassanta da dama matakala ne da 'yan siraran lunguna na masu tafiya a ƙasa. Wanda ya bar manhaja ta zaɓa masa hanya mafi kusa da ruwa yana iya ƙarewa da keke a kafaɗa.

Hanyar da aka tsara ana fitar da ita a fayil ɗin GPX, wanda jerin ɗigogi ne kawai, kowanne da lambar wurinsa, wani lokaci da tsayinsa. Fayil ɗin bai san ƙofar da aka kulle ba, bai san gadar da ta karye ba.

Me ya sa na'urori biyu ke ba da tsayi daban?

Hanyoyi uku ake bi wajen auna tsayi. Tauraron ɗan Adam na iya bayarwa, amma kuskurensa a tsayi ya fi kuskurensa a faɗi. Manhajar tsara hanya kuwa taswirar tsayin ƙasa take karantawa, irin wadda hukumar NASA ta tattara a watan Fabrairun 2000, inda kowane ɗigo ke wakiltar fili mai faɗin kusan mita 30. Hanyar da aka sassaƙa a gefen tudu ba ta kai wannan faɗi ba, don haka manhajar na iya ɗaukar tsayin gangaren da ke gefenta, ta ƙirƙiro hawan da babu shi ko ta shafe wanda ke akwai.

Hanya ta uku ita ce auna nauyin iska, kuma ita kwamfutocin keke irin su Garmin Edge da Wahoo Elemnt da Hammerhead Karoo ke amfani da ita. Kusa da teku, nauyin iska na raguwa da kusan hektofaskal 1 a kowace mita 8 ta hawa. Wannan ma'auni ya fi sauran kama ƙananan tuddai, amma yanayi na ruɗa shi. Idan hadari ya matso nauyin iska ya sauka da hektofaskal 5, na'urar za ta ɗauka an hau mita 40 ko da keken na jingine da bango. Ƙura ko gumi da suka toshe 'yar hudar da iska ke shiga su ma suna ɓata lissafin.

Sigina a cikin kwari da ƙarƙashin itatuwa

A cikin kwari mai duhuwa, saƙon tauraro kan bugi dutse ya karkace kafin ya iso, sai ɗigon mahayi ya kauce daga layi. A mararraba mai hanyoyi uku da suka yi kama da juna, kaucewar 'yan mitoci ta isa ta sa a gangara ta inda ba daidai ba, kuma a tudu kowace gangarar kuskure hawa ce ta dawowa. Sababbin na'urori, kamar Garmin Edge 1040 da ta fito a 2022, na sauraron mita biyu a lokaci guda, L1 da L5, tare da haɗa taurarin GPS na Amurka da Galileo na Turai. Hakan na rage kuskuren, amma yana ƙara shan batir.

Ya kamata a bambanta abubuwa biyu. Sanin wuri ta tauraro ba ya buƙatar data ko sabis. Taswirar da ke ƙarƙashin ɗigon ita ce ke buƙatar intanet, sai fa idan an sauke ta tun daga gida. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps na ba da damar sauke taswirar yanki a yi amfani da ita ba tare da sabis ba. Tsarin bibiyar mahayi kai tsaye da na sanar da 'yan uwa idan an faɗi kuwa ta wayar salula suke bi, don haka inda sabis ya ɗauke su ma sun ɗauke.

Abin da babu shi a cikin fayil

Gobarar daji babbar barazana ce a yankin lokacin zafi. Gwamnatin Kataloniya na da tsarin Pla Alfa da ke fitar da matakin haɗarin gobara kowace rana, kuma idan ya kai ƙololuwa ana iya hana shiga dazuzzuka irin su Les Gavarres. A kaka da hunturu kuma mafarauta kan yi taron farautar aladen daji, su kafa alamun gargaɗi a bakin hanya. Fayil ɗin da aka sauke wata uku da suka wuce ba zai ambaci ko ɗaya ba.

Saboda haka kafin a fita, mahayi ya duba jimillar hawa da tsaurin tuddai, ya kwatanta hanyar a manhaja biyu, ya nemi hoton da aka ɗauka kwanan nan. Ya sauke taswira a waya ko da yana da kwamfutar keke, ya ɗauki fawa bank, ya sa alama a garuruwan da zai sami ruwa. Ya duba matakin Pla Alfa da hasashen iska da safiyar ranar, ya tsara zagayen yadda Tramuntana za ta kasance a bayansa lokacin dawowa. Ya kuma sanar da wani hanyar da zai bi da lokacin da ake sa ran ganinsa. Lambar agajin gaggawa a Sifaniya, kamar sauran ƙasashen Tarayyar Turai, ita ce 112.