Masu Sauran Shan Ruwa a Gaba

'Yan majalisar gindin bishiya, daga Maska har Malumfashi, ku matso. Yau shugabannin da aka auna aka kuskure muka zo muku da su.

Duk ɗan Funtuwa da ya taɓa jiran mota a tashar Kawo ya san wurin. Nan ne a Yulin 2014, ana cikin azumi, bam ya tashi kusa da ayarin wani tsohon shugaban mulkin soja ɗan jiharmu yana kan hanyar Daura. Mota mai sulke ta kare shi, talakawa da yawa suka rasu, Allah ya jiƙan su. Shekara ba ta zagayo ba aka rantsar da shi shugaban ƙasa. Mai rabon ganin baɗi ke nan!

A Yamai, ranar Babbar Sallar 1965, an jefa wa shugaban Nijar na farko gurneti a wurin sallar Idi, ya tsira, yaro ƙarami ya rasu. Sai 1974 sojoji suka sauke shi. Kujera ta tafi, rai ya tsaya.

Tarihi ya ruwaito cewa a Alkalawa Sarkin Gobir ya saita Shehu Mujaddadi da bindiga, sai wutar ta komo ta ƙone mai harbin. Ƙaiƙayi koma kan masheƙiya!

A 1962 an buɗe wa motar shugaban Faransa wuta a gefen birnin Faris, tayoyi suka fashe, direba ya ci gaba da taka ta har suka kuɓuta. An ce da suka sauka, abin da uwargida ta tambaya shi ne ko kajin da ke but suna nan lafiya. Uwargida ba ta wasa da cefane.

A Amurka, 1835, wani ya ɗana wa shugaban ƙasa bindiga ta ƙi tashi, ya zaro ta biyu ita ma ta ƙi. Shugaban, dattijo mai shekara 67, ya hau shi da sandar dogarawa har sai da aka riƙe shi. Wa ya ce tsoho ba ya faɗa?

Can dai, a 1912, takardar jawabi mai shafi 50 da gidan tabarau suka rage wa harsashi ƙarfi a ƙirjin wani tsohon shugaba, ya hau dandamali ya yi jawabinsa da jini a riga. 'Yan taurin garinmu, ku zo ku ga laya ta takarda!