Abubuwan da ya kamata ka sani game da tonon tarihi a teku: labarin jirgin Bom Jesus

A watan Afrilun 2008, masu haƙar lu'ulu'u a kusa da Oranjemund, a gaɓar tekun Namibiya, suka ci karo da curayen jan ƙarfe da guntayen katako a cikin yashi. Ashe ragowar wani jirgin ruwan Turawan Fotugal ne, wanda ake kyautata zaton shi ne Bom Jesus, da ya yi shekara 475 a binne.

Mene ne tonon tarihi na ruwa?

Tonon tarihi na ruwa reshe ne na ilimin binciken kayan mutanen da. Yana nazarin jirage, da kayan da suka ɗauko, da tashoshinsu, don a gane yadda aka yi tafiya da fatauci da yaƙi a kan ruwa. Bai tsaya ga teku ba. Kwalekwalen Dufuna, wanda aka gano a Jihar Yobe a 1987, mai shekara kusan 8,000, shi ma cikin fannin yake.

Jirgin da ya nutse ya bambanta da kufai. Gari yakan mutu a hankali, mutane su kwashe kayansu su tafi. Shi kuwa jirgi rana ɗaya yake halaka da duk abin da ke cikinsa, don haka duk abin da aka tarar tare, tare aka yi amfani da shi.

Me ya sa takardu ba su wadatar ba?

Bayan Vasco da Gama ya isa Indiya a 1498, Fotugal ta riƙa aika ayarin jirage kusan kowace shekara, su zagaya kudancin Afirka su sayo kayan yaji. Ofishin da ke kula da wannan ciniki a Lisbon ya tara bayanai masu yawa, amma girgizar ƙasar 1755 ta lalata akasarinsu. Abin da ya tsira game da Bom Jesus kaɗan ne: ya bar Lisbon a watan Maris na 1533 ya nufi Indiya, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Yadda ake gane jirgi

Ba a sami allo mai ɗauke da suna ba. Masana sun harhaɗa alamu ne. An tono tsabar zinariya fiye da 2,000, na Sifen da na Fotugal, cikinsu har da waɗanda aka buga a zamanin Sarki João na Uku, wato jirgin bai nutse kafin zamaninsa ba. Curayen jan ƙarfen kuma suna ɗauke da tambarin mashi mai baki uku na gidan Fugger, attajiran Augsburg a Jamus. Da aka gwama wannan da sunayen jiragen da suka ɓace a lokacin, Bom Jesus ne ya fi dacewa.

Kafin a ɗaga ko da ƙusa, sai an auna inda take, an zana, an ɗauki hoto. Nan ne masani ya rabu da mai farautar dukiya, wanda yakan wawuri zinariya ya hargitsa sauran, kuma abin da ya hargitsa ba ya gyaruwa. Bayan tono akwai jinya: ƙarfen da ya sha ruwan gishiri, in ya bushe farat ɗaya, sai ya dare, shi ya sa ake jiƙa shi wata da watanni har gishirin ya fita.

Abu biyu suka taimaki wannan jirgi. Yankin haramtacce ne ga jama'a saboda lu'ulu'u, ɓarayi ba su kai gare shi ba. Sannan jan ƙarfe guba ne ga ƙananan halittun da ke cin katako da ƙashi, nauyinsa kuma ya danne kayan a wuri ɗaya.

Abin da hauren giwa ya bayyana

Kayan da suka fi ba da labarin Afirka su ne hauren giwa sama da 100. Jirgin daga Turai ya taso, to daga ina haure ya fito? A 2020 aka wallafa binciken ƙwayoyin gado da aka ciro daga haure 44. Dukkansu na giwayen kurmin Afirka ta Yamma ne, daga garke 17 dabam-dabam. Wato an kai hauren Lisbon tukuna, sannan aka sake loda shi zuwa Indiya, tare da jan ƙarfen attajiran Jamus da zinariyar Sifen.

Garke 17 ba farautar ƙauye ɗaya ba ce. Yana nuna akwai maharba da fatake 'yan Afirka a wurare da dama masu kai haure bakin teku, mutanen da takardun Turawa ba su cika ambatar sunayensu ba. Da aka kwatanta da giwayen da ke raye a yankin yau, zuri'a huɗu kawai aka samu daga cikin 17 ɗin.