IN HAƊARI YA SAMI MA'AIKACI WURIN AIKI, MINE NE HAKKINSA?

Kowace shekara, in an gama girbi, samari da magidanta suna barin ƙauyuka zuwa neman aiki. Wasu su tafi masana'antar siminti ta Malbaza, wasu wurin haƙar ma'adinai a Arlit, wasu aikin gini da na hanya a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Aikin inji da na tsani ba ya rasa haɗari. Wani inji ya cinye masa yatsu, wani ya faɗo daga kan gini ya karye. Sau da yawa mai ba da aiki yakan miƙa jika 5 ko 10, ya ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Mutum ya koma gida da rauni, iyali su shiga wahala.

Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta soke hakki. Doka ta tanadi magani da kuɗɗi saboda irin wannan rana.

WA KE BIYA?

A shekarar 1965 gwamnatin Nijar ta kafa asusun kula da ma'aikata, wato CNSS, wanda jama'a suka fi sani da sunan Kes. Wajibi ne duk mai ɗaukar ma'aikata ya rubuta sunayensu a Kes, ya riƙa zuba kuɗɗi dominsu. Kason da ya shafi haɗarin aiki daga aljihun mai ba da aiki kaɗai yake fita. Ba a yanke ko dala daga albashin ma'aikaci saboda shi. Kuma ba sai mutum ya daɗe ba: ko ran da ya fara aiki haɗari ya same shi, yana da hakkinsa.

Haɗarin aiki shi ne wanda ya auku wurin aiki ko sanadin aiki. Wanda ya auku bisa hanya, tsakanin gida da wurin aiki, tafiya ko dawowa, shi ma yana ciki, muddin mutum bai ratse zuwa wata hidimar kansa ba. Akwai kuma cututtukan da aiki ke jawowa, waɗanda doka ta jera sunayensu.

ABIN DA ZA A YI DA SAURI

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wanda ya ji rauni, ko abokin aikinsa, ya gaya wa shugaban wurin nan take. Shi kuma mai ba da aiki doka ta ba shi kwana biyu, wato awa 48, ya sanar da Kes da biron sufeton aiki a rubuce. Likita ya duba raunin, ya ba da takardar shaida. A riƙe sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu.

In mai ba da aiki ya ƙi, ko ya yi ta cewa sai gobe, ma'aikacin ko iyalinsa suna iya kai maganar da kansu. Doka ta ba su har shekara biyu. Amma jinkiri ba shi da amfani, don shaidu suna watsewa, rauni kuma yana warkewa ya ɓoye girmansa.

ABIN DA AKE SAMU

Na farko, magani. Kes ke ɗaukar kuɗɗin likita, na kwanciya asibiti, na magunguna, har da ƙafar roba in an yanke ta gaske.

Na biyu, kuɗɗin zaman jinya. Ranar da haɗarin ya auku, mai ba da aiki ne zai biya ladanta cikakke. Daga washegari Kes ke biyan rabin ladan yini har kwana 28. Daga kwana na 29 sai ya koma kashi biyu cikin uku. Misali, mai samun jika 3 a yini zai karɓi jika ɗaya da rabi, daga baya jika 2, har ya warke ko likita ya ce raunin ya tsaya inda zai tsaya.

Na uku, in naƙasa ta zauna. Likita ke auna yawan ƙarfin da mutum ya rasa. In bai kai kashi 10 cikin 100 ba, ana biyansa gaba ɗaya, sau guda. In ya kai ko ya wuce, sai a yanka masa kuɗɗin da zai riƙa karɓa lokaci-lokaci. Wanda ba ya iya ci ko wanka sai da mai taimako, ana yi masa ƙari.

Na huɗu, in rai ya yi halinsa. Matar mamaci tana da kashi 30 cikin 100 na albashin da aka yi lissafi da shi. In mata sun fi ɗaya, wannan kason suke rabawa. Marayu da iyayen da yake ciyarwa su ma suna da nasu, amma jimlar duka ba ta wuce kashi 85.

TAKARDA CE MAKAMI

Duk wannan hakki da takarda ake karɓarsa. Matar da ba ta da takardar aure, da ɗiyan da ba su da takardar haihuwa, sukan sha wuya kafin su sami abin da uban ya bar musu. Saboda haka magidanci ya nemi waɗannan takardu tun yana da lafiya. Wanda aka ɗauka aiki ya tambayi lambarsa ta Kes tun watan farko. In aka ce babu, ya je wurin sufeton aiki ya bincika. Kes tana da biro a manyan garuruwan jihohi.

Abu na ƙarshe, kada kowa ya dangwala yatsa bisa takardar da bai san abin da ke cikinta ba, balle yana kwance cikin zafin ciwo. Wanda bai iya karatu ba ya kai ta wurin wanda ya amince da shi a karanta masa tukuna. Wanda ya karanta wannan labari kuma ya karanta wa masu shirin tafiya ci-rani kafin su kama hanya.