Gidan gaba ne ajinsu: Yadda direbobin rairayi ke koyar da tuƙi a Gure

Babbar kwaltar da ta ratsa garin Gure ita ce hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta bi ta Damagaram, ta nufi Diffa. Wanda ya sauka daga kanta ya yi arewa, wajen Tesker har zuwa duwatsun Termit, ya shiga wata duniyar tuƙi dabam, inda lasisi ba ya fitar da mota idan ta kafe a cikin rairayi.

Masu bin wannan hanya da motocin Land Cruiser da Hilux sun mallaki ƙwarewar da a wasu ƙasashe sai mutum ya biya kuɗi masu yawa ake koya masa. Da yawansu kuma malamai ne, ko da yake ba wanda ke kiran su da wannan suna. Aikinsu na asali jigilar fasinja da kaya ne, koyarwar kuma a gefe take, ga yaron mota da ake kira aparanti.

Yadda abin yake a filayen tsere

A Turai da Amurka, koyar da tuƙin ƙwarewa sana'a ce sananniya. Filayen tseren motoci kan ware wasu ranaku da suke buɗe ƙofa ga jama'ar gari, kowa ya zo da motarsa ya gwada iyakar ƙarfinta. Wanda ya fi shahara shi ne Nürburgring na Jamus, mai zagaye fiye da kilomita 20.

A yawancin irin waɗannan ranaku, sabon shiga ba ya fita shi kaɗai. Ana haɗa shi da malami wanda zai zauna a kujerar gefensa, dukkansu da hular kwano. Akasarin malaman suna da wasu ayyukan da suke ci da su, ƙarshen mako kawai suke zuwa fili. A Amurka, a ƙungiyoyin masu motoci da dama, ladan malami bai wuce a bar shi ya zagaya filin da tasa motar kyauta ba.

Aiki ne mai haɗari. Malamin yana cikin motar baƙon da bai taɓa gani ba, babu burki a ƙarƙashin ƙafarsa, muryarsa da hannunsa ne kawai makaminsa. Abin da yake nanatawa kuma bai da yawa: ka kai idonka nesa, ka gama taka burki kafin ka shiga kwana, kada ka fizgi sitiyari, kada ka danna totur farat ɗaya. Gudu shi ne darasi na ƙarshe.

Sai dai duk kuskuren da ɗalibi zai yi, a wuri killatacce zai yi shi. Babu mota mai tahowa, babu jaki, babu yaro mai tsallaka titi, ga motar asibiti a tsaye.

Darasin rairayi

Gure ba ta da irin wannan fili. Ɗalibin nan yana fara karatunsa ne a bayan mota, a saman kaya. Shi ke ɗaure lodi, shi ke duba ruwa da baƙin mai, shi ke sauka da shebur idan taya ta nutse. Yakan ɗauki shekaru kafin a ba shi gidan gaba, sannan wata rana, a inda hanya ta miƙe, maigidansa ya tsaya ya ce su canja wuri. Ba ya biyan kuɗin makaranta, guminsa ne kuɗin.

Darasi na farko game da iskar taya ne. A kan kwalta ana cika taya ta yi tauri, amma kafin a shiga rairayi mai laushi sai an rage iskar, wani lokaci har kusan rabi. Tayar sai ta baje, ta taka ƙasa da faɗi, motar ta riƙa tafiya a saman yashin maimakon ta haƙa rami. Amma tayar da aka rage wa iska ba ta son kwana mai kaifi, tana iya sulluɓewa daga jikin ƙarfenta.

Na biyu, lokaci. Rairayin safiya ya fi na tsakar rana ƙarfi, domin sanyin dare da ɗan raɓa kan daddale shi. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke sammako, su ratsa wuri mai wuya kafin rana ta take.

Na uku shi ne wanda ya fi ba sabon direba wahala, wato ƙafa. Dole a zaɓi giyar da ta dace tun kafin a shiga tudu, saboda canja giya a tsakiyar hawa na kashe ƙarfin motar. Idan taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, zuciya takan ce a ƙara wuta, alhali hakan binne motar yake har cikinta. Direban da ya san aiki ɗaga ƙafa yake yi nan take, ya koma da baya a kan sawunsa. Idan zai tsaya, ba ya danna burki da ƙarfi don kada yashi ya taru a gaban taya, kuma yakan nemi gangara ya ajiye hancin motar yana kallon ƙasa. A saman tudu kuwa sai an sassauta, domin ɓangaren da iska ba ta bugawa yakan yanke kamar bango.

Idan aka dubi waɗannan darussa da kyau, kusan su ne na malamin Jamus: ido a nesa, hannu da ƙafa a hankali. Bambancin shi ne a nan ana yin darasin ne da mutane a bayan mota, da buhunan hatsi da jarkokin ruwa, wani lokaci har da akuya.

Lokacin da tseren duniya ya ratsa yankin

Sahararmu ta taɓa zama filin tsere mafi suna a duniya. Gasar Paris-Dakar, wadda Bafaranshe Thierry Sabine ya ƙirƙira, ta fara tashi daga Paris ranar 26 ga Disambar 1978, kuma tun a karon farko ta bi ta Agadas da Yamai. A 1989 ayarin ya ya da zango a Termit, wanda a lokacin yake cikin gundumar Gure kafin Tesker ta zama gunduma mai cin gashin kanta. A 1992 kuma ya bi ta Dirku da N'Guigmi a kan hanyarsa ta zuwa Afirka ta Kudu.

Baƙin sun zo da motoci da jirage, amma sun dogara da 'yan ƙasa masu sanin hanya. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Mano Dayak na Agadas, abokin Sabine, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disambar 1995. Shi kansa Sabine ya mutu ne a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a Janairun 1986, aka watsa tokarsa a gindin wata bishiya a Tenere.

A shekarar 2000, barazanar tsaro ta sa aka kwashe ayarin ta jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya. An soke gasar a 2008, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020. Ta tafi da kuɗinta da kyamarorinta, ba ta bar wa yankin makarantar tuƙi ba.

Inda ƙwarewar ke ƙarewa

Matsalar tana farawa ne a daidai inda rairayi ya haɗu da kwalta. Motar da ta fito daga daji da ragaggiyar iska, idan aka hau titi da ita aka sake ta ba tare da an tsaya wurin mai faci ba, tayar na ɗaukar zafi har ta fashe. Ga lodi an gina shi sama, wanda ke sa mota saurin kifewa. Kuma yaron da ya koyi cewa tsayawa ita ce kafewa, a kan titi sai ya koyi akasin haka.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, kafin ma direba ya kai ƙafarsa kan burki. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da burki ke buƙata yana ninkuwa sau huɗu. A tsakanin Gure da Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 160 da ke bi ta Gidigir da Gidimuni da Mirya, akwai kasuwannin bakin titi da garkunan dabbobi. Ta ɓangaren Gudumariya kuma iska kan kwaso yashi ta shimfiɗa a kan kwaltar.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, duk da ita ce ke da ƙarancin motoci.

Makarantun koyon tuƙi da ake kira oto-ekol suna koyar da dokokin hanya da alamomi, kuma ta nan ake samun lasisi. Ba sa koyar da hawan tudun yashi. Tsohon direban daji yana koyar da yashin, amma ba shi da takardar da zai ba ɗalibinsa. Wannan giɓi yana taɓa aljihu kai tsaye, domin ƙungiyoyin agaji da kamfanonin da ke aiki a yankin man Agadem suna buƙatar direbobin sahara, kuma takardu suke fara tambaya.

A ganina, abin da ya rage ba filin tsere irin na Jamus ba ne. Fili a bayan gari, wanda Gure ba ta rasa ba, ya isa a ware shi rana ɗaya a wata, a kawo mota babu fasinja, ƙungiyar direbobi ta zaɓo dattawanta, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ANISER, ta turo mai koyar da burki da tazara, a kuma biya malaman ladan yininsu. A can ne aparanti zai iya danna burki da dukkan ƙarfinsa ya ga inda motar za ta tsaya, ya sake gwadawa da lodi, ya auna bambancin da ƙafarsa. A yanzu, da yawansu ranar da raƙumi ya faɗo musu titi ce ranar farko da suke yin wannan gwaji.